Ƙarancin Jinin Masu Ciwon Ƙoda: Jawabin Akawun Jam'iyya a Birnin Zariya

Wannan shi ne jawabin da Akawun Jam'iyyarmu na reshen Birnin Zariya ya yi a gaban 'yan jam'iyya da 'yan kasuwa. Mun buga shi duka, domin waɗanda ba su sami zuwa ba.



Shugabannin reshe sun umurce ni in yi muku magana yau a kan wani al'amari wanda ba a saba ji a bakin 'yan siyasa ba, watau ƙarancin jinin da ke kama masu ciwon ƙoda, da yadda maganinsa ya gagari talaka. Ni ba likita ba ne, akawu ne, aikina rubutu da lissafi. Amma takardun neman taimako da a ke kawowa ofishinmu sun sa tilas na bi likitoci da tambaya, na kuma duba littattafansu. Abin da na samo shi zan faɗa muku.

Sau da yawa za ku ji mutum ya dawo daga asibiti yana mamaki, yana cewa, "Likitan nan bai san aikinsa ba. Jiya ya ce ina da hawan jini, yau kuma ya ce ba ni da jini. To, yaya abin da babu shi zai hau?" Jama'a, likitan ya san aikinsa. Hawan jini shi ne ƙarfin da jini ke bugun jijiya da shi. Ƙarancin jini kuwa shi ne raguwar jajayen ƙwayoyin da ke cikinsa, waɗanda su ke ɗaukar iska daga huhu su kai wa gaɓoɓi. Kunu ya kan tsinke ya zama tsararo alhali kuwa ƙwaryar tana cike. Mai ciwon ƙoda ya kan haɗa biyun nan a jiki ɗaya.

Dalilin kuwa ga shi. Mu duka mun san ƙoda da tace fitsari, amma tana da wani aiki na biyu wanda ba kowa ya sani ba. A cikin ɓargo a ke ƙera jajayen ƙwayoyin jini, kowace ƙwaya kuwa ba ta wuce wajen kwana 120 sai ta mutu, sai a ƙera wata. Ɓargo ba ya kama aiki sai an aiko masa da saƙo. Mai aiko da saƙon ita ce ƙoda, jakadan da ta ke turawa kuwa wani sinadari ne da likitoci ke kira EPO a taƙaice. Ku ɗauki ɓargo kamar maƙera ce. Maƙeri yana nan da ƙarfinsa, zuga-zugi na nan, amma in ba wanda ya zo ya ce a ƙera masa fartanya, sai ya zauna ya naɗe hannu. Sa'ad da ƙoda ta lalace, jakada ya daina zuwa, sai jini ya yi ta raguwa a hankali.

Har wa yau maƙeri ba ya ƙira sai da ƙarfe, jini ma haka. Akwai ƙarfen da jiki ke samu daga abinci, irin su nama da hanta da wake, da shi a ke haɗa jan jini. Mai ciwon ƙoda hanjinsa ba ya tsotsar ƙarfen nan sosai, ga rashin son abinci, ga kuma jinin da ke salwanta kaɗan-kaɗan cikin na'ura duk ran da aka yi masa wankin ƙoda. Saboda haka ne za ku ga an saya masa kwalabe na maganin ƙara jini daga kemis, an haɗa masa maltina da madara, an jiƙa masa zoɓo, amma tafin hannunsa yana nan fari fat. An yi ta jibga gawayi a maƙerar da ba a aiko wa da saƙo ba.

Kada ku ɗauka wannan abin gajiya ce kawai. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ce in awon jan jinin namiji ya kasa 13, ko na mace ya kasa 12, to akwai ƙarancin jini. Masu ciwon ƙoda da yawa ba su zuwa asibiti sai awon ya faɗi ƙasa da haka nesa. Mutum ya kasa hawa matakala uku sai da haki, zuciyarsa na dukan uku-uku, kansa na juyawa in ya miƙe daga sujada. Maɗinkin babbar riga, irin waɗanda garin nan ya yi suna da su, sai ya kasa gama aska biyu cikin wata guda. Mai koda sai ta ajiye taɓarya. Abin da ya fi muni shi ne zuciya, gama tana ta ninka aiki don ta kai ɗan jinin da ya rage ko'ina, har ta yi kauri, ta buɗe, daga baya ta gaza. Masu ciwon ƙoda da yawa ciwon zuciya ne ke zama ajalinsu tun ƙodar ba ta gama mutuwa ba.

To, shin akwai magani? Akwai, kuma ba sabo ba ne. A 1977 waɗansu masana biyu, Goldwasser na Amurka da Miyake na Japan, suka tace fitsarin marasa lafiya har lita 2,550, suka fitar da jakadan nan tsantsarsa, abin da bai kai nauyin ƙwayar dawa ɗaya ba. Bayan 'yan shekaru wani kamfani mai suna Amgen ya gano yadda za a yi shi da yawa a masana'anta, a 1989 kuwa Hukumar Amurka ta yarda a riƙa yi wa mutane allurarsa. Kafin wannan shekara masu wankin ƙoda na Turai da Amurka da ƙarin jini su ke rayuwa, leda bayan leda. Da allurar ta zo sai yawancin wannan wahala ta kau. Tun 2007 aka fara yarda da irin ta waɗansu kamfanoni a Turai, yanzu kuwa ana yin ta a Indiya da Sin da Koriya, kuɗinta ya sauko ƙwarai a kasuwar duniya. A 2017 Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin magungunan da ta ce lalle kowace ƙasa ta tanadar wa mutanenta. Ba kayan marmari ba ce ke nan.

Ba su tsaya nan ba. A ƙarshen 2018 ƙasar Sin ta yarda da wata ƙwaya ta haɗiya mai suna roxadustat, wadda ke sa jiki ya koma yin jakadan da kansa, ba ruwanta da firiji. Indiya ta fito da tata a 2022. Masanan da suka gano asalin wannan hikima, su uku, an ba su kyautar Nobel a 2019, ɗayansu kuwa, Ratcliffe na Ingila, likitan ƙoda ne. Ƙwayoyin nan suna da nasu haɗari, likitoci na nan suna auna su, ban kuwa kawo zancensu don wani ya tafi nema a kasuwa ba. Na kawo ne don ku ga nisan da duniya ta yi.

Mu fa? Talakan Zazzau yana nan inda Bature ya ke kafin 1989. An rubuta masa allura sau biyu ko uku a mako, da ƙarfen da a ke sawa ta jijiya. Ya sayi ta makon farko, ya sayi ta na biyu da kuɗin akuyar matarsa, a mako na uku ya tsaya. Allurar nan kuwa ba ta nuna aikinta sai bayan makonni, in an tsaya sai jini ya koma gidan jiya, kuɗin da aka kashe ya bi ruwa. Daga nan sai a zauna a gida har ran da zai faɗi, a ɗauke shi ranga-ranga a fita da shi ta Ƙofar Doka, a wuce Tudun Wada, a wuce Samaru, sai Shika. Can a ce sai an ƙara masa jini leda biyu ko uku, ku je ku nemo masu bayarwa.

Ba na kushe ƙarin jini. Ya ceci rayuka ba iyaka, in kuwa jini ya faɗi ƙwarai ba wata dabara sai shi. Ina ma roƙon samarinmu masu lafiya su riƙa ba da jini kyauta, gama jiki na mayar da shi. Amma a mai da shi abin yi kowane wata ga mai ciwon ƙoda, wannan babbar hasara ce. Jinin aro ba ya daɗewa, bayan 'yan makonni an koma inda aka fito. In ba a tantance shi da kyau ba yana iya shigo da ciwon hanta ko ƙanjamau. Yana iya yi wa zuciyar da ta riga ta gaji yawa, ruwa ya taru a huhu. Sa'an nan ga wani abu da dangi ba su cika sani ba: duk ledar da aka ƙara wa mutum tana iya koya wa jikinsa faɗa da naman wani. Ran da Allah ya hore aka sami ɗan'uwa zai ba shi ƙoda, sai a auna a tarar jikinsa ba zai karɓa ba. Dashen ƙoda kuwa ba sai an ƙetare teku ba, an yi na farko a ƙasar nan a Ikko a 2000, Asibitin Malam Aminu Kano ya fara nasa a 2002. Watau rashin kuɗin allura yau shi ke rufe wa mutum ƙofar dashe gobe.

Yanzu bari in koma sana'ata, watau lissafi. A makarantar Mishan an koya mana cewa in za ka duba alkawari, ka fara da ninkawa. Cikin watan Agusta na 2025 Fadar Shugaban Ƙasa ta ba da sanarwa cewa an rage kuɗin wankin ƙoda daga naira 50,000 zuwa naira 12,000 a waɗansu asibitocin Tarayya. Abin kirki ne, ba za mu ƙi faɗa ba don muna hamayya. Amma likitoci sun ce wanki uku a ke so a mako, watau wajen 13 a wata. Ku ninka 12,000 sau 13, ya ba ku naira 156,000. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 kuwa naira 70,000 ne. Ashe ko da rangwamen, mai ƙaramin albashi sai ya haɗa na wata biyu da ɗoriya kafin ya biya wankin wata ɗaya, bai ci ba, bai sha ba, bai hau mota ba. To, ina ya ga na allura? Ina kuma mai tallan gyaɗa da ɗan dako, waɗanda ba su da albashi ko kaɗan?

Akwai kuma waɗanda rangwamen bai ko shafe su ba, su ne kuwa suka fi yawa. Ƙarancin jini ya kan fara tun ƙoda na da sauran ƙarfi, shekaru kafin a kai ga na'ura. Mutumin da ke wannan hali, in ya sami ƙarfe da allura da maganin hawan jini a kan kari, yana iya ci gaba da zuwa rumfarsa, yana ciyar da iyalinsa, yana biyan kuɗin da a ke karɓa a kasuwa. In bai samu ba ya zama kaya a kan 'yan'uwa. Ko Gwamnatin da ba ta da tausayi, in dai ta iya lissafi, ta san wanda ya fi mata araha.

Me ya sa allurar ta yi tsada haka? Daga waje a ke shigo da ita, da dala a ke sayenta. A farkon Yuni na 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin Gwamnati, da aka saki naira kuwa ba a yi shekara ba ta haura 1,400. Duk wanda ke kawo kaya daga Ikko ko Kano ya san abin da wannan ya yi wa jarinsa. Bayan haka kowane majinyaci shi kaɗai ya ke zuwa ya sayi kwalba ɗaya ko biyu, a farashin ɗai-ɗai. Ku 'yan kasuwa ba sai na gaya muku bambancin mai sayen mudu da mai sarin buhu ɗari ba. A ƙasar nan, cikin kowace naira 100 da a ke kashewa a kan lafiya, fiye da 70 daga aljihun mara lafiya da danginsa su ke fitowa.

Ba dokoki muka rasa ba, jama'a. A Abuja, a 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu domin lafiya. A gidanmu aka yi alkawarin, amma kasafin Tarayya bai taɓa kai wa nan ba, wajen kashi 5 ya ke kewayawa. A 2014 aka yi Dokar Lafiya ta Ƙasa. A 2018 Jihar Kaduna ta kafa hukumarta ta taimakekeniyar lafiya. A watan Mayu na 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, aka ce an buɗe asusun marasa galihu domin mutum miliyan 83. Ina so kowa a wurin nan ya tambayi kansa, cikin masu ciwon ƙodar da ya sani a unguwarsu, daga Kwarbai zuwa Limancin Kona, mutum nawa ne aka miƙa wa allurar nan ba tare da ya sa hannu a aljihu ba? Amurka, wadda kowa ya san ba ta wasa da kuɗi, tun 1972 ta yi doka Gwamnati ta ɗauki nauyin yawancin waɗanda ƙodarsu ta gaza. In an ce ai su masu arziki ne, to ga Jihar Yobe nan, wadda ciwon ƙoda ya addabi mutanenta na wajen Gashuwa, ta ɗauki nauyin wankin ƙoda kyauta a asibitin koyarwarta na Damaturu. Yobe ba ta fi Kaduna samu ba.

Abin da jam'iyyarmu ke nema ba shi da wuyar ganewa. Muna so a rubuta allurar EPO da ƙarfen jijiya da awon jini ɓaro-ɓaro cikin abin da inshorar Jiha da ta Tarayya za su biya, ga mai wanki da wanda bai kai ga wanki ba. Duk inda aka ce an yi rangwamen wanki, a manna takarda a bango da Hausa, da boko da ajami, a faɗi abin da ke ciki da abin da ba ya ciki, kada a ba mutum doki a hana shi linzami. Muna kuma so Jiha ta sari maganin nan gaba ɗaya ta hannun hukumarta ta sayen magunguna, ta buga farashin da ta saya a jarida kowa ya gani.

Za su ce da mu allurar tana son sanyi, tsakanin awo 2 da 8, ga shi kuwa ba wuta. Gaskiya ne tana son sanyi. Amma maganin rigakafin shan inna ma yana son sanyi, an kuwa kai shi kowane lungu da kowace ruga cikin akwatin ƙanƙara, shekara da shekaru, har aka tabbatar a 2020 cewa ƙwayar cutar ta asali ta ƙare a Nijeriya. An sa firiji masu aiki da hasken rana a ɗakunan shan magani da yawa saboda rigakafin yara. In an iya wancan, an iya wannan. Allurar nan a ƙarƙashin fata a ke yin ta, ma'aikaciyar jinya ta iya. Likitan ƙoda na Shika ya rubuta adadi, a ajiye maganin a babban asibitin Ƙofar Gayan da ɗakunan shan magani na cikin birni, a auna hawan jinin mutum a yi masa, ya koma rumfarsa kafin azahar. Sai a riƙa komawa wurin babban likita lokaci-lokaci domin awo. Asibitin nan na Ƙofar Gayan sunan Hajiya Gambo Sawaba ya ke ɗauke da shi, matar da ta sha ɗauri saboda talakawan garin nan. Ya kamata talaka ya fara samun wannan sauƙi a can.

Sauran magana tsakaninmu ce, ba ta Gwamnati ba. Ku 'yan'uwana masu kemis, ku ji tsoron Allah game da allurar nan. In ta kwana a kanta cikin zafin bazara ƙarfinta ya ragu, mai saye kuwa ba shi da hanyar ganewa da ido. Wanda ba shi da firiji mai aiki dare da rana kada ya ajiye ta. Mai saye kuma ya duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewa, ya tafi da ita gida ko asibiti cikin ƙanƙara, amma kada a bar ta ta daskare. Kada kuma wanda Allah ya hore wa ya ce bari ya ninka allura don jini ya cika da sauri. An gwada haka a Turai da Amurka a 2006 da 2009, aka tarar kai jinin mai ciwon ƙoda daidai da na mai lafiya ba ya ƙara masa kwana, sai ma ya jawo toshewar jijiya da shanyewar ɓarin jiki. Shi ya sa likitoci su ke tsayar da shi wajen 10 zuwa 11 da rabi. Allurar kuma ta kan tayar da hawan jini, saboda haka ba a yin ta sai da awo.

Ku kuma masu aikin ƙarfi, 'yan dako da 'yan acaba da manoma, ƙwayoyin ciwon jikin nan da a ke haɗa muku biyar-biyar a ƙulla a leda, da yawansu suna cin ƙoda, suna kuma sa gyambon ciki mai zubar da jini a ɓoye. Haka jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, haka waɗansu mayukan canza launin fata. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya nemi a auna masa fitsari da ƙoda da jini ko sau ɗaya a shekara, ko da yana jin garau, gama ƙoda ba ta kuka sai ta yi nisa. Wanda aka riga aka ce yana da ciwon kuwa, kada dangi su dura masa ganye da madara da sunan ƙara jini sai sun tambayi likita, domin akwai abincin da ke gyara mai lafiya ya kuwa cuci mai ciwon ƙoda.

Shugabanni sun yanke shawara za mu kai wa wakilanmu na Majalisar Jiha da ta Tarayya takardar koke a kan wannan magana, ba kuwa za mu je musu da baki kawai ba. Saboda haka duk wanda ke da mai ciwon ƙoda a gidansa, ɗan jam'iyyarmu ne ko ba namu ba ne, ya zo ofis da rasit na allura da na ƙarfe da na ƙarin jini, ko da sun tsufa. Ba za mu rubuta sunan kowa ba, sai unguwa, da abin da aka rubuta masa, da abin da ya iya saye, da watan da ya tsaya. Za mu kwafe mu mayar wa kowa takardunsa a hannu nan take. Matan da ba su fita, shugabar mata da mataimakanta za su bi su gida. Ina ofis kullum daga bayan la'asar zuwa magariba, ban da Jumma'a.